Injin tausa na hannu: ciwon tsokar da yake wa aiki da wanda bai kamata a ɗora masa ba

Masu ta tambayata a kan injin tausan nan na hannu da ake cajawa, wanda wasu ke cewa bindigar tausa, wai da gaske yana maganin ciwon tsoka ko dai talla ce kawai, to ga abin da na gani bayan mun jima muna amfani da shi ni da mutanen gidanmu. Yana aiki, amma fa ciwo iri ɗaya yake wa aiki, wato tsamin jiki na gajiya da ɗaurewar tsoka irin ta wanda ya daɗe a zaune ko a tsaye. Shi kuwa ciwon tsoka dalilansa suna da yawa, akwai wanda injin ba zai masa komai ba sai dai ya cinye maka lokaci, akwai kuma wanda in ka ɗora masa wallahi kana iya jawo wa kanka abin da ya fi ciwon, kuma ba mai faɗa maka wannan a tallan da ake yi a Facebook da TikTok, su dai ka ga mutum yana dannawa a cinya yana lumshe ido shikenan.

Bari in fara da shi kansa injin. Ba zan kama sunan kamfani ba don kusan dukkansu ƙira ɗaya ce. Nawa ya zo da jaka da caja da kawuna huɗu, akwai mai ƙwallon soso, akwai mai faɗi, akwai mai tsini, sai mai yatsu biyu da aka yi don gefe da gefen ƙashin baya da agara. Yawancin irinsu suna bugawa tsakanin sau 1,800 zuwa 3,200 a minti ɗaya, amma kar gudu ya ruɗe ka, abin dubawa shi ne zurfin bugun, masu kyau kan yana shiga da fita kamar milimita 10 zuwa 16, wanda bai kai haka ba karkarwa kawai yake a saman fata, kuma da ka ɗan danna shi da ƙarfi sai ya tsaya cak. Batirinsa ban da ƙorafi, yana daɗewa sosai in ba a lamba ta ƙarshe kake barinsa ba. Ƙararsa a lamba ɗaya da biyu kamar ta kilifar aski ce, ba ta hana hira, amma in ka kai shi ƙarshe na kusa da kai ba zai yi barci ba. Inda ya ba ni haushi biyu ne, yana da nauyi, kafin ka gama cinya ɗaya ka koma ɗaya hannunka ya fara sagewa, sannan tsakanin kafaɗu inda mutane suka fi kuka da shi hannunka ba ya kaiwa sai ka nemi mai riƙe maka. Takardar bayanin da ke cikin kwalin kuma gaskiya ba ta yi ba, hotuna ne da yadda ake caji, gargaɗin lafiya layi biyu ko uku da ƙananan rubutu a can ƙarshe, alhali shi ne ya kamata ya zo a shafin farko.

Inda ya burge ni shi ne tsamin jiki bayan motsa jiki. Duk wanda ya taɓa daɗewa bai yi gudu ko ƙwallo ko ɗaga ƙarfe ba sannan ya koma rana ɗaya ya san abin, ranar lafiya lau kake, washegari ko jibi ne sauka daga bene zai gagare ka. Wannan ciwon yana farawa bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙarshen zafinsa tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya tafi da kansa cikin kamar mako guda. Mutane suna yawan cewa wai laktik asid ne ya taru, ba haka ba ne, shi wannan yana wucewa cikin kamar awa guda da gama motsa jiki, ainihin abin ƙananan yagewa ne a zaren tsokar da ido ba ya gani, sai jiki ya turo kumburi wurin don gyara, kuma ya fi faruwa in tsoka tana riƙe da nauyi tana miƙewa, shi ya sa gangara ta fi hawa bari maka tsami. A nan in na sa kan soso a lamba ɗaya, na ɗora a gaban cinya ba tare da na danna ba, ina jansa a hankali daga saman gwiwa zuwa sama, da farko za ka ji wurin yana ƙin yarda har ka ɗan cije, can sai ka ji ya saki ya yi ɗumi, in ka miƙe tafiyarka ta canja. Sauƙi ne na 'yan awanni, ba wai ya ɗinke tsokar ba ne, ita sai ta ɗauki kwanakinta, amma sauƙin na gaske ne. Haka ma dokin wuya da saman kafaɗa na mai wuni a gaban kwamfuta ko mai tuƙi, yana sassautawa. Minti ɗaya zuwa biyu a tsoka ɗaya ya isa, kar ka tsaya wuri guda kana nutsa shi, kuma a nama ake ɗorawa ba a ƙashi ko gaɓa ba, gaban wuya da gefensa kuwa inda manyan jijiyoyin jini ke wucewa zuwa kai kar ma ka kusanta.

In kuwa fizgewa tsokar ta yi, wato kana cikin gudu ko ɗaukar kaya ka ji abu ya tsinke maka nan take, wurin ya kumbura ko jini ya kwanta, ajiye injin. Kwana biyu zuwa uku na farko hutu ake so da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20, bugun injin ƙara zubar jinin cikin naman zai yi.

Abin da ya sa ma na zauna rubuta wannan dogon bayanin shi ne Baba. Ya fara kukan cinyoyinsa duka biyu da kafaɗu, ba faɗuwa ya yi ba, ba wani aikin ƙarfi ya yi ba, ciwo dai mai nauyi da kasala, in zai tashi daga kujera sai ya dafa hannu biyu. Kullum da yamma ƙanina yana bi masa da injin, ya ce ya ji daɗi, gari na wayewa abu na nan yadda yake har ma yana ƙaruwa. Da muka kai shi asibiti likitan bai fara da taɓa cinyar ba ma, tambaya ya fara.

"Baba, ban da maganin hawan jini akwai wanda kake sha kullum?"

"Akwai wata 'yar ƙwaya ta kitse da aka ƙara min, da daddare nake shanta likita."

"To Baba ka tuna da kyau, ciwon ne ya riga ƙwayar ko ita ta riga shi?"

Baba ya yi shiru yana lissafi da yatsu, can ya ce ai ita ta riga shi, da 'yan makonni. Likitan ya karɓi ledar magungunan ya zazzage a tebur yana juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya ware biyu gefe, simvastatin, wato ƙwayar kitsen nan, mai miligiram 40 da amlodipine na hawan jini. Ya ce mana magungunan rage kitsen jini da ake kira statin suna iya sa ciwon tsoka, kuma yadda yake zuwa kenan, ɓangare biyu lokaci guda, a manyan tsokoki irin cinya da ɗuwawu da sha-raɓa da kafaɗa, makonni ko watanni bayan an fara sha ko an ƙara yawansa. Sannan shi amlodipine yana sa simvastatin ya taru a jini, shi ya sa ba a so mai shan su tare ya wuce miligiram 20 na simvastatin a rana. Ya sa aka yi gwajin jini na CK, wani sinadari ne da ke fita daga tsoka in tana lalacewa, da na ƙoda da na tayirod, sannan ya canja masa zuwa wani statin ɗin daban. Cikin 'yan makonni Baba ya koma tashi ba dafawa. Da tausa muka ci gaba da yi da har yanzu muna nan muna yi.

Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya ajiye maganinsa. Statin yana kare mutane daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma da yawa daga masu shansa da ke jin ciwon jiki in an bincika sai a ga ba maganin ba ne, wani abin ne daban ya zo daidai da lokacin. Likita ne zai raba gardama, ko ya rage, ko ya canja, ko ya dakatar na ɗan lokaci ya gani. Kuma ba statin kaɗai ba ne. Magungunan sa fitsari da ake ba masu hawan jini suna iya zubar da fotashiyam da magniziyam, sai tsoka ta riƙa ɗaurewa musamman da dare. Ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da 'yan uwansa suna iya taɓa agara har ta tsinke, an fi ganin haka ga wanda ya haura shekara 60 ko mai shan maganin rage kumburi na sitiroyid, to ka ga mutum yana shan wannan yana jin zafi a bayan dunduniya ya ɗauko kan nan mai yatsu biyu ya ɗora, ai ba a yi dabara ba. Shi kansa sitiroyid irin prednisolone da dexamethasone in aka daɗe ana sha yana cinye ƙarfin tsokar cinya.

Gwajin tayirod ɗin nan da aka yi wa Baba shi ma da dalili. Shi tayirod wani ƙullutu ne a gaban maƙogwaro da ke tafiyar da saurin aikin jiki, in ya yi sanyi mutum zai riƙa jin ciwon tsoka da sanƙarewa, ga kasala, ga jin sanyi, ga ƙiba ba dalili, fata ta bushe, bayan gida ya yi tauri, kuma mata sun fi samu. Gwajin jini ɗaya ne mai suna TSH yake nunawa, maganinsa ƙwaya ce a kullum. Ƙarancin bitamin D ma yana sa ciwon tsoka da ƙashi da raunin cinya, an fi samunsa ga wanda rana ba ta cika taɓa fatarsa ba da tsofaffi. Duk waɗannan ko shekara za ka yi kana tausa ba inda za su je.

Ciwon jiki mai zuwa da zazzaɓi kuwa ba na tsaya dogon bayani ba, mura mai ƙarfi, korona, zazzaɓin cizon sauro, dengi, duk suna sa jiki ya yi ciwo ko'ina saboda sinadaran da garkuwar jiki ke saki tana faɗa da cutar, gwaji da magani ake nema ba inji ba. Sai dai in wuri ɗaya ne a cinya ya kumbura ya yi tauri da zafi ga zazzaɓi, yana iya zama mugunya ce ta taru a cikin tsokar, wannan sai an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta wani lokaci ma sai an tsaga. Mai sikila ma in ciwonsa ya tashi jini ne ya toshe a ƙananan jijiyoyi, ba wurin bugu ba ne.

Ga masu iyaye tsofaffi akwai wani da nake so ku riƙe, ana ce masa polimayaljiya. Wanda ya haura shekara 50 yake kamawa, mata sun fi yawa, kafaɗu biyu da ƙugu su sanƙare da safe fiye da minti 45, mutum ya kasa ɗaga hannu ya taje kai ko ya sa riga, ya kasa juyi a gado. Ana ganin alamarsa a gwajin kumburi na ESR da CRP, kuma in likita ya ba da prednisolone kaɗan sauƙi yana zuwa cikin kwanaki, abin tausayi ne a bar tsohuwa tana wahala wata da watanni ana cewa tsufa ne. In kuma ya haɗu da sabon ciwon kai a gefen goshi, ko muƙamuƙi yana gajiya wajen tauna, ko gani ya fara dishi-dishi, a ranar za a kai ta asibiti don ido na iya tafiya gaba ɗaya. Akwai kuma kumburin tsoka da garkuwar jiki ke jawowa, shi rauni ya fi yawa a cikinsa kan ciwo, hawa bene da tashi daga zaune su gagara, wani har da ƙuraje a fatar ido da bayan yatsu. Sai faibromayaljiya, ciwo ko'ina a jiki sama da wata 3, barci ba ya wartsakarwa, gajiya kullum, a yi gwaji a ce komai lafiya har a fara zargin mai shi da raki, alhali ciwo ne na gaske, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka cika ji. Masu shi wasu ko lamba ɗaya ta injin nan zafi take musu, tafiya a hankali da gyaran barci da magungunan da likita zai zaɓa sun fi musu amfani.

Yanzu ga wanda ya fi tsorata ni, kuma saboda shi nake cewa gargaɗin kwalin nan bai isa ba. Ciwon sha-raɓa a ƙafa ɗaya, ta kumbura ta fi 'yar uwarta, ta yi ɗumi ko ta canja kala, musamman bayan doguwar tafiya a zaune, ko bayan tiyata, ko doguwar kwanciyar jinya, ko mai ciki da mai jego, ko mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin. Wannan yana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiyar cikin ƙafa, kuma ji yake kamar ɗaurewar tsoka sak, abin da hannu zai fara kaiwa shi ne tausa. In gudan ya ɓalle huhu yake tafiya, numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗau ciwo, ana rasa rai a haka. Kar a tausa, kar a murza, kar a ɗora inji, asibiti kai tsaye a yi hoton jijiyar.

Na biyunsa narkewar tsoka. In tsoka ta lalace da yawa lokaci guda, ko don motsa jiki da ya wuce kima cikin zafi ba shan ruwa, ko abu mai nauyi ya danne mutum, ko wani magani, abin da ke cikinta yana kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Alamarsa ciwo mai tsanani da ya wuce tsamin da ka saba, rauni, kumburi, sai fitsari ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa, ko ya ragu sosai. Ƙarin ruwa ake yi a asibiti da gaggawa. Kuma shi kansa injin in aka wuce gona da iri yana iya jawo shi, a 2021 likitoci sun buga rahoton wata matashiya a China da hakan ta same ta bayan an daɗe ana buga mata irin wannan injin a cinyoyi bayan motsa jiki. Shi ya sa nake nanata minti biyun nan, zafi ba shi ne alamar yana aiki ba, in ka ga wurin ya yi shuɗi washegari ka wuce iyaka.

Wani ciwon kuma a tsoka ake jinsa amma ba daga ita yake ba. Wanda sha-raɓarsa ke ɗaurewa duk lokacin da ya yi 'yar tafiya, in ya tsaya minti kaɗan ta saki, ya ci gaba ta dawo, sau da yawa hanyar jini ce ta tsuke, an fi gani ga masu shan sigari da masu ciwon suga, kuma alama ce cewa jijiyoyin zuciya ma a duba su. Wanda ke jin abu yana tsarga masa daga ɗuwawu ta bayan cinya har ƙasan gwiwa da dindiris a yatsu, jijiya ce aka danne tun daga ƙashin baya, in har ya kai fitsari ko bayan gida yana kufcewa ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan na gaggawa ne. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu ko muƙamuƙi da ya zo da nauyin ƙirji da gumi da haki kuwa zuciya ce ake tsoro, ba a tsayawa neman caja.

Mutane da yawa suna haɗa injin da maganin kashe zafi daga kemis, to a kula. Paracetamol babba kar ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a duba don yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, in ya yi yawa hanta yake ci. Ibuprofen da diclofenac suna aiki sosai a ciwon tsoka amma suna tada olsa, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, ba a haɗa biyunsu lokaci guda, kuma mai zargin narkewar tsoka kar ya kusance su don ƙodar tana cikin wahala dama. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki in wuri ɗaya ne ke ciwo.

To wa zan ce ya saya? Mai motsa jiki, mai aikin tsayuwa ko zama na awanni, wanda ya san daga ina tsaminsa ya fito kuma yana ganin yana tafiya cikin kwanaki, wannan zai ji daɗinsa, ya nemi mara nauyi mai zurfin bugu kuma wanda hannunsa ke da ɗan tsawo saboda baya. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, mai jijiyoyin ƙafa da suka fito suka murɗe, mai ƙashi mara ƙwari, mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai, da mai ciki, su tambayi likita ko likitan gashin ƙashi kafin su ɗora. Wanda kuma ciwonsa ya wuce mako ɗaya zuwa biyu ba sauƙi, ko bai san dalilinsa ba, ko ya zo da rauni ko rama ko zazzaɓi, ya je a duba shi tukuna, kuma in za ka je ka kwashi duk magungunan da kake sha da kwalayensu har da na ƙarin kuzari da na gargajiya, ka tuna wanne ka fara sha kafin ciwon ya zo, ka kuma lura ko ɓangare ɗaya ne ko biyu da lokacin da ya fi tsanani, don su ne tambayoyin da za a fara yi maka.